Bangon Maman Debby

Duk wanda ya zauna Unguwar Boro a farkon mulkin farar hular nan ya san Naomi Jethro, ko da bai san sunanta na yanka ba. Maman Debby ake ce mata. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, wadda ko ɗebo ruwa za ta je sai ta goge zaninta. Mutuniyar Kwoi ce, 'yar manoman citta, amma tun tana budurwa ta zo Kaduna ta sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, a zamanin da in aka busa jiniyar tashi kekuna ke cika titi har ba wurin sa ƙafa.

Aikinta a masaƙa ba saƙa ba ne. A ƙarshen layi take zama, yadi na wucewa ta gabanta a kan tebur mai fitila, ita kuwa da allura da ɗan almakashi a hannu. Inda zare ya tsinke ta haɗa, inda ya yi ƙulli ta tsefe, inda ya bar rami ta cike shi yadda ko wanda ya saƙa ba zai gane wurin ba. Shekara ashirin da biyu tana wannan aiki, kuma ya bi ta har gida. Maman Debby ba ta yarda a ga aibunta. In miyarta ba nama, baƙuwa ta shigo, sai ta rufe tukunya ta ce ba ta gama dahuwa ba. In maɓallin rigar mijinta ya cire, sai ta bi shi har bakin titi da allura tana ɗinkewa yana tafiya.

Mijin nata, Baba Jethro, ɗan fansho ne na reluwe, dogo siriri, kullum da rediyo a hammata. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa, amma in gardamar siyasa ta tashi ko gobara ake yi a bayansa ba zai waiga ba. 'Yarsu ɗaya, Debby, kuma sun rene ta ne a ciki da falo, a wani gidan haya na Kakuri mai ƙofa goma sha ɗaya da bayi ɗaya. Shekara da shekaru Naomi na bin layin bayin nan da bokiti a hannu, tana gaisawa da kowa fuska a sake, a ranta kuwa tana rantsuwa ba za ta mutu a gidan wani ba.

A shekarar 2000 masaƙa ta fara tangal-tangal, aka rage ma'aikata, aka sallame ta. Cikin waɗanda suka karɓi kuɗin sallama wasu sun sayi babur, wasu sun buɗe shago, wasu sun shiga siyasa suka fito daga su sai takalmi. Ita ko kwana uku kuɗin bai yi a hannunta ba ta sayi fili a Unguwar Boro. A shekarar ne kuma aka yi rikicin nan da ba ma son tunawa, mutane suka riƙa kwashe kaya suna tsallako gadar kogin Kaduna, kowa na neman inda zai kwana cikin nasa. Gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon siminti a ka sai ya wayi gari ya zama injiniya.

Cikin waɗannan injiniyoyi har da Wilson. Cocinsu ɗaya da su Naomi, shi ke jan baki a ƙungiyar mawaƙa, kuma gaskiya in ya buɗe murya sai tsigar jikinka ta tashi. Da can lebura ne a wani kamfani a Kudenda. Yanzu ya sayi hular kwano ruwan ɗorawa, ya rataya tef ɗin awo a ƙugu, har coci yake zuwa da shi. Matarsa Lizzy benci ɗaya suke zama da Naomi a Zumuntar Mata, ita ke buga tulu.

"Mama, ki bar mini komai," in ji shi. "I go build am like my own. Ɗan'uwa ba ya cutar ɗan'uwa."

Da Naomi ta tsaya a kan aikin da kanta da labarin nan bai samu ba, don idon da ke kama zare guda in ya kauce ba bulon banza ne zai wuce shi ba. To amma ana zuba harsashin gini Debby ta haihu a Kafanchan, haihuwar fari, dole uwa ta je ta yi mata wanka. Ta bar wa Baba Jethro amana. Shi kuwa kullum da safe zai zo da kujerarsa da rediyonsa, ya zauna gindin mangwaro, ya tara leburori yana yi musu bayanin bambancin sanata da ɗan majalisar wakilai. A bayansa kuma ana buga bulo. Buhun simintin da ya kamata ya ba da talatin, Wilson ya sa shi ya haifi saba'in, don gida biyar yake ginawa a lokaci guda, simintin wannan na zuwa ziyara gidan wancan.

Ta dawo bayan wata biyu ta tarar an yi rufi, an yi filasta, an shafa shuɗin fenti. Falo ne da ɗakin kwana ɗaya da kicin, ga kuma bayi nata na kanta, mai ƙofa da sakata. Ta shiga bayin nan ta rufe, ba don tana jin komai ba, ta tsaya ciki tana kuka don daɗi. Ranar buɗe gida Fasto ya yi addu'a, matan zumunta suka yi rawa har ƙura ta tashi, Wilson ya ja waƙar godiya, aka ci shinkafa aka watse.

Daminar farko ce ta tona asiri. Wata safiya tana gyara gado sai ta ga wani layi siriri a bangon baya, daidai saman inda suke sa kai, ya taso daga silin ya nufi ƙasa. Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta ɗauko kalandar coci ta buga ƙusa ta rataya a kai. Bayan sati biyu layin ya leƙo ta ƙasan kalanda, ta ƙara wata, ta wani mai neman kansila. Kafin watan Satumba kalanda biyar ne a bangon, har da ta shekarar da ta wuce, kuma in rana ta yi yamma haske na shigowa ta tsakaninsu. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To a gidan Maman Debby ba karin magana ba ne, ƙadangaren ya shigo, har ya zo da iyalinsa.

Baba Jethro ya ce a mai da gado falo. Ta ce ina, a kan me? Baƙo ya shigo ya ga gado a falo ya tambaya, a ce masa me? Haka suka ci gaba da kwana a gindin bangon, shi yana barci da ido ɗaya, ita tana tashi da safe ta kakkaɓe yashi daga matashin kai.

Ta je ta sami Wilson a asirce. Ya zo ya ɗaga kalandu, ya ciro tef ya auna, ya gyaɗa kai.

"Mama, wannan ba komai ba ne. New house dey settle. Gida yana zama ne."

"Zama? Ni na ga kamar tashi yake shirin yi."

"Bayan Kirsimeti zan zo in shafe miki."

Kirsimeti ta zo ta wuce, Ista ma haka. Sai ta kai magana gaban dattawan ikilisiya, kuma Allah ya sani ba ƙaramin abu ba ne a wurinta ta buɗe baki gaban maza bakwai ta ce gidanta ya tsage. An zauna sau uku. Kowane zama a buɗe da addu'a, a tuna musu cewa bai kamata 'yan'uwa cikin bangaskiya su kai juna gaban alƙalin duniya ba, Wilson ya sunkuyar da kai ya yi alkawari, a rufe da addu'a. Ni dai har yau abin nan na ba ni haushi. Mutum bakwai masu furfura, gidan nan ba nisa, amma ba wanda ya tashi ya je ya ga bangon, suka gwammace su ɗinke tsaga daga kan benci.

"Da lokacin soja ne," in ji Baba Jethro, "da ɗan ƙanena kofur na kira daga bariki. Tsallen kwaɗo ɗaya daga nan zuwa Sabo, gobe da safe ka ga siminti a ƙofar gida."

"Soja sun koma bariki, Baban Debby. Kai ne kullum kake gaya mana yanzu doka ce ke aiki."

Abin da ya ƙarasa tunzura ta wasiƙa ce. Debby ta rubuto za ta zo hutu da ɗanta. Naomi ta dubi gado, ta dubi bango, ta zauna ta rubuta wa 'yarta ƙarya, wai ana fama da ƙyanda a unguwa, kada ta zo. Ta gina gida da duk abin da ta tara a duniya, ga shi ba ta isa ta kwantar da jikanta a ciki ba, kuma babu wani kuɗin sallama na biyu da zai zo. Washegari ta ɗaura zaninta mai kyau ta tafi wurin Gideon, ɗan wata ƙawarta ta masaƙa, wanda bai daɗe da fitowa makarantar lauyoyi ba, baƙar rigarsa har lokacin da alamar ninki. Ya shigar da ƙara.

A coci wasu suka daina gaishe ta. Lizzy ba ta canza benci ba, amma gaisuwarsu ta koma "ina kwana" da "lafiya", kowacce na kallon gabanta.

Kotu kuwa kotu ce. Yau lauyan Wilson ba shi da lafiya, gobe an ɗauke wuta, jibi fayil ya shiga wani ofis bai fito ba. Da aka samu aka zauna, Gideon ya miƙa hotunan bangon. Lauyan Wilson, wani mai tumbi da murya, ya riƙe hoto da yatsa biyu ya ce wa ya san ko bangon wani kango ne a Kakuri? Ai tsaga ba ta da suna a goshi. Mai Shari'a dattijo ne Bazazzagi, siriri, mai tabarau a ƙarshen hanci, ba ya son doguwar magana. Ya ce to, tun da haka ne, ranar Alhamis kotu za ta taso ta je ta ga bangon da idonta.

Gideon ya fito yana murna. "Mama, mun ci! Gani ya kori ji." Ya gaya mata ƙarfe nawa za a zo, da wa da wa za su zo. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don ko a mafarki bai zaci sai an gaya wa mutum ba: kada a taɓa bangon.

Ita kuwa Naomi, a hanyar komawa gida, ba shari'a ce a ranta ba. Baƙo ne. Babban mutum, dattijo, Musulmi daga tsallaken gada, a lokacin da mutanen can da na nan sai a kasuwa ko ofis suke haɗuwa, zai tako har cikin ɗakin kwananta. Ya koma ya ce wa iyalinsa me? Ya shiga gidan wata 'yar Kwoi ya tarar da ƙadangaru da yashi a gado? Ai ba ita kaɗai za ta ji kunya ba, har Unguwar Boro gaba ɗaya.

Dokar matan zumunta sananniya ce: in babban baƙo zai sauka gidan ɗayansu, ko biki ko rasuwa, duka ake zuwa aiki, ba a tambayar wa ke faɗa da wa. Laraba da hantsi mata goma sha huɗu suka iso da tsintsiya da bokiti. Har da Lizzy, da ƙunshin tsummoki a ka, don an ce kowacce ta zo da abin goge-goge. Ta tsaya bakin ƙofa tana jan ƙafa.

"Shigo mana, Maman Ben," in ji Naomi. "Ai ba da ke nake shari'a ba."

Da shara aka fara, kuma shara kawai aka yi niyya. Sai wata ta ce kalandun nan sun tsufa, a cire. Da aka cire aka ga ramin sai duka suka ce "Yesu!" Wata ta ce ai ba a barin baƙo ya ga wannan. Nan fa tsohon aiki ya motsa a hannun Naomi. Ta sa aka cusa tsummoki. Aka kwaɓa jar ƙasa da ɗan siminti, ta shafe da kanta da bayan cokali, ta bi da ragowar shuɗin fenti, ciki da waje. Ana yi ana waƙa. Lizzy ce ta fi kowa himma, kuma daga baya wasu sun ce da gangan ta yi don ta ceci mijinta. Ƙarya ne. Ita ma kunya take rufewa, kuma tata ta fi ta kowa. Kafin la'asar ko Wilson da ya gina bangon ba zai nuna maka inda tsagar take ba.

Ba a nan Naomi ta tsaya ba. Ta aika kasuwa aka sayo sabuwar buta da sabuwar tabarma, ko lokacin salla zai riski baƙo. Ta sayi kaji biyu, ta sa aka kai wa Malam mai nama ya yanka da hannunsa, don kada dattijo ya yi shakkar ci. Baba Jethro ya wuni a layin tantance 'yan fansho, ya dawo da yamma a gajiye, ya shiga ɗaki ya tsaya baki buɗe.

"Kai! Maman Debby! Gida ya dawo sabo!"

Mutumin da ya san tsarin mulki daga farko har ƙarshe, shi ma bai ga komai a ciki ba. Ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, ya ce rabon da ya ji hankalinsa kwance haka tun bara.

Alhamis da ƙarfe goma mota biyu suka tsaya ƙofar gida. Mai Shari'a ya fito, da magatakarda da littafinsa, da ɗan sanda ɗaya, da lauyoyi biyu, da Wilson da hular kwanonsa a hannu. Unguwa kuwa ta riga ta hallara. Matan zumunta sun jeru cikin anko, maƙwabta sun cika tagogi. Naomi ta durƙusa ta yi sannu da zuwa, sannan ta ja gaba zuwa ɗakin kwana, tana tafe tana alfahari.

Gideon ne ya fara shiga. Ya dubi bango, ya dubi hoton da ke hannunsa, ya sake duban bango. Har ya leƙa waje ko gidan suka ɓata.

"Mama," ya ce ƙasa-ƙasa, "where is the crack? Ina tsagar?"

"Mun ɗan gyara ne saboda baƙi."

Lauyan Wilson ya ji. Ya gyara kwat, ya cika ɗakin da murya. "Ranka ya daɗe, ga shi kotu ta gani da idonta. Bango lafiya lau, ko asibiti ba su da irinsa. Tun farko mun ce hoton nan na wani kango ne. Muna roƙon a kori ƙarar nan."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Naomi, kamar an sauke mata buhun masara a ka. Da hannunta ta shafe shaidarta. Kuɗin sallamarta, da shekara ashirin da biyu a gindin fitila, duk ta bi su da bayan cokali ta shafe sumul.

Mai Shari'a ya cire tabarau ya goge, ya ɗan ja hanci.

"Mama, ni hancina na jin ɗanyen fenti. Amma kotu ba ta rubuta abin da hanci ya ji, sai abin da ido ya gani, kuma abin da na gani bango ne mai kyau. In akwai wani abu a bayansa, ke za ki nuna mini. Ni ba zan taɓa miki ɗaki ba. Amma kin sani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta dubi taga. Ga matar babban dattijon coci, ga mai sayar da kalanzir, ga tsohuwar maƙwabciyarta ta gidan haya da ta taso tun daga Kakuri don ta ga kotu. Ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta. Ta juya ta fita. Gideon ya dafe kai, ya zaci guduwa ta yi. Sai ga ta ta dawo daga kicin da wuƙar yanka kuɓewa.

Ta cire takalmi ta hau gado. Ba ta yi lalube ba, don ta san wurin kamar tafin hannunta. Ta caka wuƙa, ta ja ƙasa. Ɗanyar ƙasa ta ɓamɓare ta zube a kan sabon zanen gado. Aikin da ya fi kowane kyau a cikin ayyukan hannunta, ita ce ke farke shi gaban duk unguwa, hawaye na bin kumatunta, amma ba ta tsaya ba. Ta sa hannu ta jawo tsumma na farko.

"A rubuta," in ji Mai Shari'a.

Magatakarda ya shiga rubutu. Tsohon zani, ɗaya. Buhun siminti, biyu. Singileti. Safa ƙafa ɗaya. Wani zanin kuma. Kowane ta jawo sai haske ya ƙara shigowa, har aka fara hango yaran da ke tsaye a bayan gida. Sannan ta jawo wani abu mai tsawo, ta yi ta ja, ta yi ta ja, sai ga wando ruwan ƙasa, da aljihunsa da komai.

"Wannan kuma na wane ne?" in ji Mai Shari'a.

Can daga bakin ƙofa wata murya ta ce, "Na maigidana ne, ranka ya daɗe."

Lizzy ce. Ta matso, hannuwanta a haɗe, ba ta kalli mijinta ba.

"Ni na cusa shi. Bai ma isa ba, sai da na ƙara da tsohuwar rigarsa ta mawaƙa, tana can ciki. Da ina turawa hannuna ya wuce har waje, sai da Maman Hope ta kama shi ta can ta turo mini."

Dariya ta fara daga taga, ta zagaya gidan, ta fita titi. Ɗan sanda ya juya yana kallon silin, kafaɗunsa na rawa. Wilson ya sa hular kwano, ya cire, ya sake sawa. Lauyansa ya buɗe baki zai ce wani abu game da mata da miji da shaida, Mai Shari'a ya ɗaga masa hannu, ya ce ai ba wanda ya kira ta, wando ne aka tambaya. Ya karɓi wuƙar, ya ɗan kankari bulon da ya fito fili, ya murza da yatsa biyu, ya zube kamar garin rogo.

"Wannan ma a rubuta."

Da za su tafi Naomi ta sha gabansa a falo, idonta jajur, ta nuna kwanukan da ta jera a tebur.

"Kotu ba ta cin abinci a gidan mai ƙara, Mama," in ji shi. Ya dubi kusurwar da ta ajiye buta da tabarma, tabarmar ko igiyarta ba a kwance ba. "Amma na ga butar, na ga tabarmar. Allah ya saka da alheri."

Kajin dai ba su yi asara ba. Matan zumunta da Baba Jethro suka yi musu shari'a nan take, ba ɗage zama.

Bayan sati uku aka yanke hukunci. Wilson zai rushe bangon baya tun daga harsashi, ya sake gina shi daga aljihunsa, kuma ba za a ɗora bulo ko ɗaya ba sai injiniyan gaske mai takarda ya duba. A makon nan dattawan ikilisiya duka bakwai suka gano hanyar gidan, kowa ya zo ya leƙa ramin ya ce dama shi ya faɗa.

Asabar aka sa ranar rushewa. Tun da safe kafinta ya tokare rufin da katako, aka fitar da gado tsakar gida, da katifa da akwatuna, a idon duk mai wucewa, Naomi kuwa ko a jikinta. Wilson ya zo da leburori biyu da babbar guduma, ba hula, ba tef. Ya gaishe ta bai ɗaga kai ba. Ya zagaya baya, ya jingina tsani a bangon don ya fara fasawa daga sama. Ya taka mataki na farko. Ya taka na biyu.

Ba a ɗaga gudumar ba. Bangon ya yi wata 'yar ƙara, ya tafi ciki gaba ɗayansa, tsani da Wilson suka bi shi. Ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa sai ga Wilson zaune a kan tarin bulo, fari fat, ko ƙwarzane bai yi ba. Kusa da ƙafarsa, a ɗan wurin da bulo bai rufe ba, ana ganin shatin ƙafar gado guda ɗaya a kan siminti. Sauran ukun suna ƙarƙashin tarin.

Ba wanda ya yi dariya. Wilson ya dubi shatin ya daɗe.

"Mama," ya ce, "a nan kuke sa kai?"

"A nan."

Ya ɗora hannu biyu a ka ya fashe da kuka, babban mutum, gaban leburorinsa. Naomi ta yi zaton ranar nan za ta ji daɗi ta gan shi haka. Ba ta ji ba. Tsoro ne ya kama ta, tsoron da ta ƙi ji shekara ɗaya da rabi, ya zo mata a dunƙule. Ta juya ta dubi dogon tsohon nan da ya kwana gefenta a gindin bangon duk tsawon lokacin, don kawai ta ce baƙi za su yi magana.

"Baban Debby," ta ce, kowa na ji, "ka ce a fitar da gado na ƙi. Kai ke da gaskiya. Ka yi haƙuri."

Baba Jethro ya kashe rediyo. Ya dubi leburori, ya dubi maƙwabta.

"Jama'a, kun ji? Ku zama shaida! Shekara ashirin da uku! Ina magatakardan nan? A nemo shi ya rubuta!"

Aka kwashe da dariya, har Wilson ya yi cikin hawaye. Tsohon ya matso ya kama hannunta, ya riƙe shi da kyau a gaban duk mutanen, ita kuwa ba ta janye ba.